Kwanakin Farko na Barin Taba da Yadda Ake Jure Ƙawarta

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshen ƙungiyar malamai a Gwadangaji



Muna godiya da aka ba mu wannan dama a makon da duniya ke tunawa da ranar yaƙi da shan taba, wato 31 ga watan Mayu. Ba za mu ɓata lokacinku wajen jera illolin sigari ba. Mu ne muke koyar da su a darasin kiwon lafiya, kuma ga hotunansu nan a jikin kowane kwali. A iya saninmu, babu malamin da ke shan taba saboda bai san tana cutarwa ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sun sha ɗaura niyyar bari, wasu sun rantse, wasu sun karya kwali a gaban iyalinsu, amma kafin mako ya zagayo sai a sake ganinsu a gindin teburin mai tireda. Inda gizo ke saƙa shi ne kwanakin farko, lokacin da ƙawar taba ke tasowa kamar za ta tsaga ƙirji. A kan waɗannan kwanaki za mu yi magana yau.

Idan muka ce taba, muna nufin sigari, da shisha da samarinmu suka runguma, da taba gari da ake dasawa a leɓe ko a shaƙa, wadda har wasu daga cikin iyayenmu mata ke amfani da ita a ɓoye. Dukkansu uwa ɗaya ta haife su, kuma sinadari ɗaya ne ke ɗaure mai shansu, shi ne nikotin. Sunan ya samo asali ne daga Jean Nicot, jakadan Faransa a ƙasar Fotugal, wanda ya aika da ganyen taba zuwa fadar ƙasarsu a wajajen 1560 a matsayin magani. Sai a 1950 ne masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da binciken da ya danganta shan sigari da ciwon dajin huhu. A nan gida, binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sama da mutum miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wasu ne ya ci su.

Bari mu fara da fahimtar abokin gaba. Idan mutum ya zuƙi sigari, nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin. Da isarsa sai ya sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira dofamin, wanda shi ne ke sa mutum jin daɗi da natsuwa. Da yake ana maimaita wannan sau ɗari ko fiye a rana, zuƙa bayan zuƙa, sai ƙwaƙwalwa ta sake tsarinta, ta ƙara yawan wuraren karɓar nikotin, ta saba da samunsa kamar yadda ciki ya saba da tuwon dare. Shi kuma nikotin ba ya daɗewa a jini. Cikin awa biyu rabinsa ya tafi. Wannan ne ya sa mai shan sigari ke jin ƙunci tun kafin a buga ƙararrawar tara, kuma shi ya sa karan farko na safe ya fi kowanne daɗi, domin jiki ya kwana babu. Natsuwar da mutum ke ji bayan ya kunna, ƙuncin da rashin nikotin ya haddasa ne ya lafa na ɗan lokaci. Taba ce ke kunna wutar, ita ce kuma ke sayar mana da ruwan kashewa.

To, me ke faruwa idan aka daina? Alamu kan fara cikin 'yan sa'o'i. Akwai saurin fushi, da rashin sukuni, da kasa tattara hankali, da ciwon kai, da rashin barci, da yawan jin yunwa, wani lokaci da taurin bayan gida. Sukan kai maƙura a rana ta biyu da ta uku, su fara sauka bayan mako guda, yawancinsu kuma su gushe tsakanin mako biyu zuwa huɗu. Wasu kan tsorata idan tari ya ƙaru bayan sun daina, su ce ashe barin ne ke sa musu ciwo. Abin da ke faruwa shi ne, 'yan ƙananan gashin da ke share hanyoyin numfashi, waɗanda hayaƙi ya kwantar, sun farfaɗo sun koma bakin aiki, suna fitar da dattin shekaru. Masu bincike sun gano cewa mafi yawan waɗanda ke komawa shan taba suna komawa ne cikin kwanaki takwas na farko. Ke nan wanda ya tsallake makon farko ya haye mafi zurfin gulbi.

Abu mafi muhimmanci da muke so kowa ya koma gida da shi shi ne wannan: ƙawar taba ba ta zama daram. Tasowa take, ta yi ƙarfi, ta sauka, kuma galibi cikin minti biyar zuwa goma ta wuce, ko an kunna ko ba a kunna ba. Mu mutanen bakin gulbi mun san halin ruwa. Mai kwalekwale a Argungu idan igiya ta taso ba ya dukanta da filafili, ba ya kuma faɗawa ruwa don tsoro. Yana daidaita jirginsa ne ya bar ta ta wuce. Mai barin taba bai kamata ya ɗora wa kansa nauyin shekara ashirin masu zuwa ba. Abin da ke gabansa minti goma ne. Idan ya ci su, wasu za su zo, amma kowace rana suna raguwa, suna kuma yin rauni.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai daina ya sa rana, kada ta wuce mako biyu daga lokacin da ya yanke shawara, don kada zuciya ta yi sanyi. Mu malamai Allah ya ba mu wata dama da sauran ma'aikata ba su da ita, wato hutu. Mafi kyawun lokaci shi ne farkon hutun zango. Idan ba za a iya jira ba, a fara ranar Juma'a da safe, ta yadda rana ta biyu da ta uku za su faɗa a Asabar da Lahadi, nesa da aji. Dalilinmu a fili yake. Malamin da ke cikin zafin rashin nikotin, ga yara sittin ko saba'in a gabansa, ga zafin bazara, ga alli ya ƙare, hannunsa zai fi saurin kai wa bulala. Yaron da ya kasa karanta baƙi ba shi ne ya koya mana shan taba ba, bai kamata ya biya kuɗin barinta ba. Haka kuma kada a sa ranar a makon jarrabawa ko lokacin haɗa sakamako.

A daren da za a fara, a kwashe duk abin da ya shafi taba: ragowar kwali, ashana, kwalbar taba gari, har wanda aka ɓoye a aljihun babbar riga ko ƙarƙashin kujerar babur. A wanke tufafi da hula, domin wari kaɗai na iya tayar da ƙawa. Kada a ajiye kara ɗaya da sunan gwada ƙarfin zuciya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sannan a sanar da mutanen gida da aboki ɗaya ko biyu a makaranta. Wasu kan ɓoye don gudun kunya idan sun kasa, amma niyyar da ba wanda ya san da ita ta fi sauƙin warwarewa.

Sai kuma mutum ya zauna da takarda da biro, kamar mai shirya darasi, ya rubuta lokutan da yake kunnawa. Sabo turken wawa, kuma rabin ƙawar taba sabo ne. Ga yawancinmu lokutan sanannu ne: bayan koko ko shayin safe, lokacin tara, bayan an tashi kafin a hau babur, bayan cin abinci, lokacin duba littattafan yara, a majalisa bayan la'asar, a teburin mai shayi da dare, da kuma duk ranar da wata ya yi nisa aljihu ya bushe. Kowane lokaci a tanadar masa abin da zai maye gurbin taba. Wanda ya saba laɓewa bayan aji lokacin tara, ya zauna a ofishin malamai cikin jama'a, ko ya fita filin wasa ya sa ido a kan yara. Wanda ya saba kunnawa bayan tuwo, ya miƙe da zarar ya wanke hannu ya ɗauki asuwaki. Wanda hanyarsa ta saba bi ta gaban mai tireda, ya sake hanya na wata guda ko da ta fi nisa. Majalisar da ake busa hayaƙi kuwa, a ba ta hutun mako biyu ko uku. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abokan kirki ba za su yi fushi ba.

Idan ƙawar ta taso duk da wannan shiri, ga abin yi. Da farko a duba agogo a ce wa kai, sai bayan minti goma. Jinkirin nan kaɗai yakan isa. Na biyu, a sha ruwa mai sanyi a hankali, kurɓi-kurɓi. Na uku, a ja numfashi mai zurfi ta hanci, a riƙe kaɗan, a sake shi sannu ta baki, sau goma. Wani ɓangare na natsuwar da mai sigari ke samu daga dogon numfashin nan ne, kuma shi kyauta ne. Na huɗu, a motsa jiki. An gwada an tabbatar cewa tafiya da sauri ta minti goma tana rage ƙarfin ƙawa. A zagaya makaranta, a ɗebo ruwa, a yi shara, a ɗauki fartanya, tun da ga damina ta kawo kai. Na biyar, a ba baki da hannu aiki: asuwaki, aya, gyaɗa, goruba, karas, rake, ko carbi ga mai ja. Wasu kan ce alwala da ruwan sanyi na sauke musu zafin, mu ma mun yarda da haka. Na ƙarshe, a kira wani a waya, a gaya masa gaskiya cewa yanzu abin ya motsa. Kafin a gama gaisawa da tambayar iyali, igiyar ta wuce.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali ya shafe mu ƙwarai, shi ne goro da shayi. Da yawa idan sun ajiye sigari sai su ninka cin goro, su ƙara kofin shayi mai kauri ko Nescafé. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai hana barci. Hayaƙin taba yana sa hanta ta narkar da kafin da sauri. Idan aka daina shan taba sai hanta ta koma tafiyarta ta asali, kafin ya riƙa daɗewa a jini, ƙarfinsa ya kusan ninkawa ko da ba a ƙara ko tsalli ɗaya na goro ba. Sakamakon shi ne bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci, mutum ya ɗauka rashin taba ne ke neman kashe shi, ya koma. Shawara ita ce a rage goro da shayi zuwa rabi a makonnin farko, a kuma guje musu bayan la'asar. Wannan sauyi na hanta yana shafar wasu magunguna ma, kamar wasu na asma da na taɓin hankali. Duk mai shan magani na dindindin, har da masu ciwon suga da hawan jini, ya gaya wa likitansa cewa zai daina taba.

Game da yunwa, gaskiya ne abinci zai ƙara daɗi, domin harshe da hanci sun farfaɗo. Mutane da yawa kan ƙara kilo huɗu ko biyar a shekarar farko. Wannan ba abin tsoro ba ne idan aka auna shi da cutar hayaƙi. A dai rage alewa da lemon kwalba, a fi karkata ga ganye da 'ya'yan itace.

Wani zai ce, ai namiji ba ya buƙatar magani, zuciya ce kawai. Zuciya ita ce tushe, amma alƙaluma sun nuna cewa cikin mutum ɗari da suka yi ƙoƙarin dainawa ba tare da wani taimako ba, uku zuwa biyar ne kaɗai kan kai shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce magani tare da shawarar ma'aikacin lafiya na iya ninka damar yin nasara fiye da sau biyu. Tun 2009 hukumar ta sa cingam da filastar nikotin cikin jerin muhimman magunguna, a 2021 ta ƙara ƙwayoyin varenicline da bupropion, a 2024 kuma ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yadda likitoci za su taimaki manya su daina taba. Cingam da filasta suna ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi da kwaltarsa ba, ana rage su sannu a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ke kunna sigari cikin rabin awa da farkawarsa, ko yake shan fiye da kara goma a rana, shi ya fi buƙatarsu. A je Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, a nemi shawara. Kada a saya wa kai ƙwaya a kemis ko wurin masu tallar magani a kasuwa, kada kuma a musanya sigari da shisha ko taba gari da sunan sassauci. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan kuma baƙin ciki ya yi nauyi, mutum ya ji duniya ta fita ransa har kwanaki, to a garzaya wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Masu cewa ba za su iya awa ɗaya babu taba ba, muna tunatar da su watan azumi. Wanda ya yini tun daga alfijir har faɗuwar rana, awa goma sha uku ko fiye, kwana talatin a jere, bai kunna ba, ya riga ya nuna wa kansa cewa ƙawa na zuwa ta wuce. Matsalar tana wajen buɗa-baki, inda wasu ke kai wa kwali hannu kafin dabino ya sauka. Wanda ya tsara wa wannan sa'a abin yi, azumi na iya zame masa ƙofar fita.

Idan aka yi tuntuɓe fa? Mutum ya yi kwana tara, ranar ta goma aka ɓata masa rai ya zuƙi kara ɗaya. A nan ne zuciya ke raɗa masa cewa tun da an ɓata, a ƙarasa kwalin. Mu da muke koyarwa mun fi kowa sanin amsar. Yaron da ya faɗi tambaya ɗaya ba ma cewa ya yaga takardar jarrabawa. A jefar da sauran, a tambayi kai me ya jawo, a toshe wannan kafa, a ci gaba a ranar. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da yawa. Amma kada wannan ya zama lasisi. Karan da ake cewa ɗaya ne kawai shi ya fi kowanne mayar da mutane ruwa, ko bayan wata shida.

Ga iyalanmu, musamman matan gida da ke karanta wannan mujalla, rawarku babba ce. Maigida zai yi ƙunci, zai yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A yi masa uzuri na mako biyu. A guji gori da tuna masa alkawuran baya. A tanadi ruwan sanyi da abin taunawa, a yaba masa idan ya cika kwana uku, ya cika mako. Ku ma kuna da riba a ciki, domin hayaƙin da ke ɗaki shi ke ƙara wa jarirai ciwon huhu da na kunne, ya tayar wa yara asma, ya kuma rage nauyin abin da ke cikin mai juna biyu.

Ribar ba ta jira sai an tsufa. Minti ashirin bayan karan ƙarshe bugun zuciya ya fara sauka. Cikin awa goma sha biyu gubar hayaƙi da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Tsakanin mako biyu zuwa goma sha biyu numfashi da gudun jini sun inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Binciken shekara hamsin da Doll da abokansa suka yi a kan likitocin Ingila ya nuna cewa wanda ya daina yana da shekara 40 yana ceto kusan shekara tara na rayuwarsa, mai 50 shida, mai 60 uku. Rai a hannun Allah yake, amma shi ne ya umarce mu da riƙon sababi. Ta fuskar aljihu kuwa, mu yi lissafin aji huɗu. Wanda ke kashe naira 500 a rana, a wata ya ƙona 15,000, a shekara 182,500. A auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Muna ba da shawarar a sami asusu a riƙa jefa kuɗin kullum, a fasa shi bayan wata uku a gaban yara.

Akwai kuma amanar da ke wuyanmu. Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana shansa a makarantu da sauran wuraren taruwar jama'a. Ko babu doka, aiken ɗalibi sayen sigari abu ne da ya kamata ya ƙare a tsakaninmu daga yau. Yaro na manta abin da muka rubuta a allo, amma ba ya manta abin da ya gani a hannun malaminsa.

Saboda haka muna miƙa wa shugabannin reshe roƙo uku. A gayyaci ma'aikacin lafiya zuwa taronmu na gaba don amsa tambayoyi kan magunguna. A haɗa duk mai niyyar dainawa da wani ɗan'uwa da ya riga ya daina, wanda zai iya kira ko da tsakar dare, kuma a rufa masa asiri. Sannan shugabannin makarantu su sassauta wa irin wannan malami a makonsa na farko, a ɗauke masa aikin da za a iya ɗaukewa, kamar yadda muke yi wa mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hutun ƙarshen shekara na nan tafe. Duk wanda ke da niyya, ya rubuta ranarsa a takarda kafin ya bar zauren nan, ya nuna wa na kusa da shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ƙarfafi masu ƙoƙari, ya shirya mana zuriya.